Me ya sa layin wayar intanet ke ƙin zama lafiya a kan intanet ɗin gida mara kebul?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ya bar intanet ɗin kebul ya koma na iska, wato akwatin nan da ake saka wa sim, ko eriyar da ake kafawa a kan rufi tana kamo 4G ko 5G daga ƙarfen sabis. Bidiyo na tafiya sumul, gwajin gudu na nuna megabit 50 ko 100, amma layin wayarsa na VoIP, wato wanda ke kai kira ta intanet, da yake aiki lafiya lau kafin sauyin ya fara taurin kai. Wani zai kira, ya ji muryar mutum tangaran yana ta "Alo, alo, kana jina?", shi kuwa ba a jin ko tarinsa. Wani masu nemansa ne za su riƙa cewa layinsa ba ya shiga, alhali wayar na ajiye ba ta ko yi ƙara ba. Wani kuma kiran zai shiga lafiya, sai ya yanke da kansa bayan rabin minti.

Abin da ke fara zuwa wa mutane shi ne su ƙara kuɗi su sayi tsarin da ya fi gudu. Galibi asarar kuɗi ce. Kiran murya ba ya cin komai a ma'aunin intanet na yau. Tsohuwar hanyar mayar da murya lambobi mai suna G.711, wadda ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da ita tun 1972, tana ɗaukar samfurin sauti sau 8,000 a daƙiƙa guda, abin da ke ba da kilobit 64. Ana yanka muryar gunduwa-gunduwa ta milisakan 20, ma'ana fakiti 50 a kowace daƙiƙa, kowane da bayanan adireshi a kansa, jimilla ta kai wajen kilobit 80 zuwa 87 a kowane ɓangare. Ko kashi ɗaya cikin goma na megabit guda bai cika ba. Hirar awa guda cur ba za ta wuce megabait 70 zuwa 80 ba, zuwa da dawowa. Don haka layin megabit 2 mai natsuwa ya fi wa kira amfani a kan layin megabit 200 mai tangal-tangal.

Matsalar tana ɗaya daga cikin wurare biyu: ko adireshi, ko lokaci. Alamominsu daban, maganinsu daban, kuma wanda ya kasa rarrabe su zai kwana yana taɓa saiti a banza.

Batun adireshi

Kiran VoIP hanyoyi biyu yake bi a lokaci guda. Akwai ta shirya kira: rajista da sabar kamfani (saba ita ce kwamfutar kamfanin da ke haɗa kira), buga lamba, ƙarar waya, ɗagawa, ajiyewa. Wannan aikin SIP ne, ƙa'idar da aka fara fitarwa a 1999 aka sabunta a 2002, kuma bisa al'ada tana amfani da ƙofa mai lamba 5060. Sai kuma hanyar muryar kanta, RTP, wadda ke bin wasu ƙofofi daban da ake zaɓa a kowane kira, a manhajar haɗa kira ta Asterisk misali tsakanin 10000 da 20000. Saboda hanyoyin biyu ne, ɗaya na iya tafiya lafiya ɗaya ta maƙale. Shi ya sa waya ke iya yin ƙara, a ɗaga, a ji shiru.

An tsara SIP ne da tunanin cewa kowace na'ura tana da adireshinta na kanta da kowa a duniya zai iya samu. Abin bai kasance haka ba. Adireshin IPv4 biliyan 4.3 ne kacal, kuma hukumar IANA ta raba rukunin ƙarshe da ke hannunta a Fabrairun 2011. Tun kafin nan gidaje sun saba da dabarar NAT: rauta ɗaya ce ke riƙe da adireshin waje, na'urorin cikin gida kuma su karɓi na cikin gida irin su 192.168.1.20, wanda ba shi da ma'ana da zarar an fita ƙofa.

A ɗauki NAT kamar mai gadin babban gida mai ɗakuna da yawa. Idan ɗan gida ya aika saƙo waje, mai gadi zai rubuta a littafinsa cewa ɗaki kaza ya aika wa wane, idan amsa ta zo a miƙa masa. Baƙon da ya zo haka kawai, babu wanda ya neme shi a littafin, ba zai wuce ƙofa ba. Kuma mai gadin yana da mantuwa ta ganganci: idan aka jima babu motsi a kan wani layi na littafin, sai ya goge shi. Ga saƙonnin UDP, wato masu tafiya ɗai-ɗai ba tare da haɗi na dindindin ba, waɗanda yawancin wayoyin VoIP ke amfani da su, gogewar na iya zuwa bayan daƙiƙa 30 a wasu na'urori, duk da cewa ƙa'idar da masana suka rubuta ta ce kada ta gaza minti 2.

To ga inda gizo ke saƙar. Wayoyi da yawa sun fito daga masana'anta da saitin sabunta rajista sau ɗaya a daƙiƙa 3600, wato awa guda. Wayar ta yi rajista, mai gadi ya rubuta, bayan minti ɗaya ya goge. Sauran mintuna 59 sabar kamfani tana zaton ta san inda wayar take, tana turo kira, ana mayar da shi daga bakin ƙofa. Kai idan ka kira waje yana tafiya, domin kai ne ka buɗe sabon layi a littafin. Wanda ya ga kiransa na fita amma na mutane ba ya shigowa, ko yana shigowa jefi-jefi, kusan kullum wannan ce cutarsa. Maganinta mai sauƙi ne: a kunna saitin da aka rubuta wa NAT Keep Alive, a sa shi ya riƙa tura ɗan saƙo kowace daƙiƙa 15 zuwa 25, a kuma rage tazarar rajista zuwa minti 1 ko 2 idan kamfanin layin ya yarda. Wasu kamfanoni ba sa son rajista mai yawa, suna da mafi ƙarancin tazarar da suke karɓa, don haka a duba abin da suka ce.

Muryar ɓangare ɗaya tana da wani tushe daban. A cikin saƙon da waya ke aikawa don fara kira akwai layi guda da ke faɗa wa ɗaya ɓangaren inda zai turo murya. A wayar da ba a gyara ba, layin kan fito kamar haka: c=IN IP4 192.168.1.20. Rauta ta canza adireshin da ke bayan ambulan, amma ba ta taɓa abin da aka rubuta a cikin wasiƙar ba. Sabar da ta ɗauki wannan layi da gaske za ta riƙa jefa muryar zuwa adireshin da babu shi a intanet. Yankewar rabin minti ma danginta ce. Idan aka ɗaga kira, ɓangaren da ya ɗaga yana jiran tabbaci daga mai kira, saƙon da ake kira ACK. Idan tabbacin ya ɓace saboda adireshin da aka ba shi na cikin gida ne, sai a yi ta jira har daƙiƙa 32, wato ninki 64 na milisakan 500 da ƙa'idar SIP ta tanada, sannan a kashe kiran. Duk kiran da ke mutuwa daidai wannan lokaci kowane karo, ba ruwan ƙarfin sabis. Haka nan wanda ke yankewa a minti 15 cif: saƙon sabunta zama ne, da ake turowa a rabin wa'adin daƙiƙa 1800, ya kasa samun hanya.

Duk wannan yana faruwa a intanet ɗin kebul ma. Abin da na iska ya ƙara shi ne mai gadi na biyu. Kamfanonin salula ba su da adireshin IPv4 da zai ishi kowane sim, sai su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda, dabarar da ake kira CGNAT. A 2012 ma aka ware mata rukunin adireshi na musamman, daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Gane ta ba wuya: ka shiga shafin saitin rautarka ka duba adireshin da ta samu daga waje, sannan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Idan biyun sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10 ko ya faɗa cikin wancan rukuni na 100, to kana bayan mai gadin kamfani, wanda ba ka da ikon ba shi umarni. Idan kuma ka jona taka rautar a bayan akwatin kamfani, masu gadi sun zama uku.

Wannan ya rushe shawarar da aka fi bayarwa, wai a buɗe ƙofa ta 5060 da ƙofofin murya a rauta a nuna su ga wayar. A bayan CGNAT buɗewar ba ta da wani tasiri, tunda baƙon bai ma iso ƙofarka ba. A inda take da tasiri kuma, ni ban ga hikimarta ba ga mai layi ɗaya a gida. Akwai na'urorin ɓata-gari da ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa 5060, su ne ke sa waya ta yi ƙara da tsakar dare da wata lamba kamar 100 ko 1000, a ɗaga a ji ba kowa. Idan suka dace da kalmar sirri mai rauni, za su yi ta kiran ƙasashen waje da kuɗinka.

Sai SIP ALG, wanda gyaran gangar Auzinawa ne a mafi yawan rautocin gida. An ƙirƙire shi don ya buɗe wasiƙar ya gyara adireshin da ke ciki. Niyya mai kyau, amma sau da yawa yakan gyara wani layi ya bar wani, ko ya sake gyara abin da wayar ko sabar ta riga ta gyara. Kamfanonin VoIP na yanzu sun iya zama da NAT da kansu: suna watsi da adireshin da wayar ta rubuta, su mayar da murya ta ainihin hanyar da muryarka ta fito. ALG na shiga tsakani ya rikita wannan. Shi ne abu na farko da ya kamata a kashe. Matsalar ita ce akwatunan da kamfanonin intanet na iska ke bayarwa sau da yawa ba su da wurin kashe shi, wasu ma saitinsu bai wuce canza sunan Wi-Fi da kalmar sirri ba.

A nan ne sauya hanyar SIP daga UDP zuwa TLS, a ƙofa ta 5061, ke da daraja, kuma a ganina shi ne gyara mafi amfani ga mai intanet na iska idan kamfanin layinsa na karɓa. Saƙon ya zama a rufe, ALG ba ya iya karanta shi balle ya ɓata. Haɗin kuma na dindindin ne, masu gadi sun fi daɗewa suna riƙe irinsa, kuma kira mai shigowa yana biyo haɗin da wayar ta riga ta buɗe. Idan babu TLS, TCP zalla ko wata ƙofa da ba 5060 ba, kamar 5080 da wasu kamfanoni ke bayarwa, takan kauce wa ALG. STUN, wanda ke taimaka wa waya ta gano adireshinta na waje, yana aiki a wasu wurare, amma idan NAT ɗin irin wanda ke ba da sabuwar ƙofa ga kowace saba ne, abin da STUN ya gano ba zai yi daidai da abin da sabar murya za ta gani ba. Idan kamfaninka bai ce ka saka shi ba, bar shi a kashe.

Idan duk wannan ya ƙi, saura manyan hanyoyi. Wasu kamfanoni na sayar da adireshin waje na kanka, galibi a tsarin 'yan kasuwa. IPv6, sabon tsarin adireshi, na kawar da NAT gaba ɗaya idan kamfanin intanet da na layin waya da wayar kanta duk suna goyon bayansa, haɗuwar da har yanzu ba kullum ake samu ba. Akwai kuma ramin VPN, misali WireGuard daga rautarka zuwa wata saba mai adireshin waje, da saƙon riƙe hanya kowace daƙiƙa 25. Yana aiki, sai dai yana ƙara ɗan jinkiri, don haka a zaɓi saba ta kusa.

Wani zai ce, to ai kiran WhatsApp na tafiya a kan wannan intanet ɗin ba tare da an taɓa komai ba. Gaskiya ne, domin manhajojin zamani an gina su ne da sanin cewa kowa na bayan NAT. Suna gwada hanyoyi da yawa, idan ta kai-tsaye ta ƙi su bi ta sabar da ke miƙa murya tsakani. Wannan ma gwaji ne mai kyau: idan kiran manhaja na fita tas amma wayar tebur na wahala, laifin na adireshi ne da saiti. Idan dukansu na kakkaryewa, an shigo matsala ta biyu.

Batun lokaci

Shafin intanet da bidiyo suna da haƙuri. Fakitin da ya ɓace za a sake turo shi, bidiyo kuma ya tara na daƙiƙu da yawa a gaba. Murya ba ta da wannan gata. Fakitin da ya makara tamkar ya ɓace ne, domin lokacin furta shi ya wuce. Shawarar ITU mai lamba G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya, daga baki zuwa kunne, gara kada ya wuce milisakan 150. Bayan nan mutane ke fara katse juna, kowa ya yi shiru, sai kuma su fara magana tare. Masu harkar kan so bambancin isowar fakiti ya tsaya ƙasa da milisakan 30, asara kuma ƙasa da kashi 1 cikin 100. Waya na da ɗan rumbun da take tara fakiti kafin ta furta su don ta daidaita tafiyarsu, amma duk girman da aka ƙara wa rumbun, jinkiri aka ƙara.

Iska kuwa ta kowa ce. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke raba lokaci tsakanin duk na'urorin unguwa, kuma kafin akwatinka ya tura wani abu sama sai ya nemi izini an ba shi gurbi. Hanyar hawa ta fi ta sauka ƙunci nesa ba kusa ba. Kiran salula na VoLTE yana da layinsa na musamman mai fifiko a cikin hanyar 4G, wanda ake kira QCI 1. Kiran VoIP ɗinka ba ya samun wannan, a wurin ƙarfen sabis shi da saukar da fim duk ɗaya ne. Alamar fifiko ta DSCP 46 da wayoyi ke manna wa fakitin murya tana iya amfani a cikin gida, amma da wuya kamfani ya girmama ta a waje. Ƙari a kan haka, wasu kamfanoni na sanya intanet ɗin gida a bayan wayoyin hannu idan cunkoso ya yi yawa. Shi ya sa layin da ke rangaɗau da safe yake lalacewa bayan magariba.

Babban mai laifi dai sau da yawa yana cikin gidan. Modem ɗin salula na da babban wurin jira, idan wata waya ta fara loda hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, wurin jiran ya cika, fakitin murya ya tsaya a bayan dubban fakitin hoto. Injiniya Jim Gettys ne ya yayata wannan matsala a wajen 2010 da sunan bufferbloat. Kowa na iya ganinta da idonsa. Buɗe tagar umarni a kwamfuta, ka sa ping, umarnin da ke auna lokacin zuwa da dawowar saƙo, ya yi ta bugun adireshin sabar layinka. Za ka ga lambobin milisakan na sauka: 38, 41, 40, 45. Yanzu ka tura babban bidiyo daga wata waya a gidan. Idan lambobin suka koma 300, 650, 900, har wasu layuka su ce lokaci ya ƙare, ka kama ɓarawon. A daidai irin wannan lokaci ne wanda kake magana da shi zai ce muryarka na yankewa, kai kuwa kana jinsa lafiya, tunda hanyar hawa ce ta toshe.

Maganin shi ne rautar da ke da tsarin SQM, mai amfani da fq_codel ko CAKE, kamar yadda ake samu a manhajar rauta ta OpenWrt da wasu rautocin kasuwa. Za ka ƙayyade mata gudun da ya ɗan gaza na layinka, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin 100, don jerin gwanon ya dawo hannunta inda za ta iya ba ƙananan fakiti hanya. A kebul wannan gyara ne na yi-ka-manta. A iska da sauran rina a kaba, domin gudun na sauyawa daga awa zuwa awa. Sai dai ka auna a lokacin da layin ya fi muni ka saita a kan wannan, ka haƙura da gudun da za ka rasa da rana. Wanda layin waya ke da muhimmanci a aikinsa zai ga cinikin ya yi.

Wurin ajiye akwatin ma ba abin rainawa ba ne, kuma sandunan sabis da ke jikinsa ba su faɗin gaskiya duka. A shafin saiti akwai RSRP, ƙarfin sigina, wanda kusa da -80 yake da kyau, ƙasa da -110 kuma ya yi rauni. Akwai SINR, tsaftar sigina daga hayaniya, wanda ya fi shafar murya: sama da 20 madalla, kusa da 0 wahala. Matsar da akwatin zuwa taga mai fuskantar ƙarfen sabis, ko ɗaga shi sama, kan sauya waɗannan lambobi sosai. Sannan kada a tara iska biyu a kan kira ɗaya idan da hali. Wayar tebur ko adaftar ATA, mai haɗa tsohuwar wayar tarho da intanet, a jona ta da kebul kai-tsaye. Idan dole sai Wi-Fi, a bi 5GHz, domin 2.4GHz cike yake da rautocin maƙwabta da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci.

Masu tauraron ɗan'adam lissafinsu daban. Tsofaffin taurari da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 suna cin kusan milisakan 240 a hawa da sauka kaɗai, babu saitin da zai rage wannan. Na Starlink da ke yawo a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita ba su da wannan jinkiri, amma tsarinsu na gida shi ma a bayan CGNAT yake, don haka duk maganar adireshi ta shafe su.

Zaɓin kodek, wato hanyar mayar da murya lambobi, na taimakawa kaɗan. G.729 na matse murya zuwa kilobit 8, amma tunda ba ƙarancin gudu ke damunka ba, ba abin da zai ƙara maka sai raguwar daɗin sauti. Opus, wanda aka fitar a 2012, ya fi jure asarar fakiti, idan wayar da kamfanin duk sun san shi. Idan kana danna lambobi a layin banki ko na kamfani ba a gane su, duba saitin DTMF, mai kula da aika lambobin da aka danna, ka mayar da shi RFC 2833, wanda sababbin na'urori ke rubutawa RFC 4733.

Akwai abubuwan da gara a sani tun kafin a cire tsohon layi. Na'urar faks da ƙararrawar tsaro da ke buga waya ba sa jure asarar fakiti ko kaɗan, ko da T.38 da aka yi domin faks sai layi ya natsu sosai. Tsohon layin tarho yana samun wutarsa daga ofishin kamfani, wannan kuwa da zarar wuta ta ɗauke, akwati da rauta da adafta duk sun mutu tare, sai an haɗa su da batirin UPS. Kiran gaggawa kuma, a ƙasashen da layin VoIP ke kai shi, yana dogara ne da adireshin gidan da ka rubuta wa kamfanin layin. Akwatin intanet na iska ana iya ɗaukarsa a koma wani gida da shi, lambar ta ci gaba da aiki, amma masu agaji tsohon gidan za su nufa idan ba a sabunta adireshin ba.